Kafin Ka Ce Allah Ya Isa

Ɗana, 'yata, a 'yan shekarun nan babu addu'ar da ta yi araha a bakin matasa kamar "Allah ya isa". Mai Keke Napep ya riƙe canjin naira hamsin, Allah ya isa. Tela ya saɓa alkawarin ɗinkin Sallah, Allah ya isa. Ƙawa ta yi biki ba ta sa ki cikin 'yan anko ba, Allah ya isa, har a ƙara da "ban yafe ba duniya da lahira", a ɗora a waya kowa ya gani, a bar jama'a suna tambayar da wa ake. Lokacin da muka taso, dattijo kan yi shekaru bai furta wannan magana ba. In kuwa ya furta, sai wurin ya yi tsit, don kowa ya san an kai ƙara inda ba a ɗaukaka ta. Ba wai mutanen da sun fi ku sanyin zuciya ba ne. Su ma sun yi gaba, wasu har kabari suka tafi da ita. Amma sun san nauyin abin da suke faɗa.

Na kuma san ku masu neman yardar Allah ne. Ina ganin yadda kuke cika masallatai a goman ƙarshe na azumi, kuna tsayuwar dare har ƙafa ta yi tsami, kuna tara kuɗin Umara, kuna bin karatun malamai a waya. Da yawanku na tambayar kansu abin da za su yi rayuwarsu ta yi daraja a wurin Ubangiji. To, wani babban ɓangare na amsar yana nan cikin gidanku, a wurin mutumin nan da kuka yi wata uku kuna wuce juna a soro ba sallama.

Muslim ya ruwaito cewa ana bijiro da ayyukan bayi duk ranar Litinin da Alhamis, a gafarta wa wanda bai haɗa Allah da kowa ba, ban da mutum biyu da ke gaba da juna. Su sai a jinkirta musu har sai sun shirya. Ya kuma tabbata cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma wanda ya fara yin sallama shi ne mafi alheri a cikinsu. Ka lura da kwana ukun nan. Addini bai ce kada ranka ya ɓaci ba, bai ce ka yi murmushi ana taka ka ba. An ba ka lokaci ka huce, ka kwana, ka tashi, ka sake kwana. Abin da aka hana shi ne ka shimfiɗa wa fushin tabarma ya zama ɗan gida.

Duk lokacin da wani ya ce mini abin da aka yi masa ya wuce a yafe, Sayyidina Abubakar nake tunawa. Akwai wani ɗan'uwansa mai suna Misɗahu, talaka ne, cikin waɗanda suka yi hijira, ya kuma halarci yaƙin Badar. Abubakar ne ke ɗauke da cinsa da shansa. Da munafukan Madina suka ƙirƙiri ƙazafi a kan Nana A'isha, sai ga Misɗahu cikin waɗanda suka tsoma baki a zancen. Ka tsaya ka auna wannan. Mutumin da kake ciyarwa, jininka, shi ne ke yawo da maganar da ke zubar da mutuncin 'yarka, matar Manzon Allah (SAW). Kusan wata guda aka yi gidan Abubakar na cikin wannan ƙunci kafin wahayi ya sauka ya wanke ta. Da gaskiya ta bayyana, Abubakar ya rantse ba zai sake ba Misɗahu ko ƙwayar hatsi ba. Wane ne a cikinmu zai ga laifinsa? Ni dai da a unguwarmu ne, na san mutane za su ce ya ma yi sauƙi.

Amma sai aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka, tana hana masu falala da wadata yin irin wannan rantsuwa, tana kiransu su yi afuwa su kau da kai, tana kuma tambayarsu ko ba sa son Allah ya gafarta musu. Abubakar bai tsaya jayayya ba. Ya amsa cewa lallai yana son gafarar Allah, ya mayar wa Misɗahu abin da ya saba ba shi, ya kuma yi alkawarin ba zai sake yankewa ba. Ayar ba ta ce Misɗahu bai yi laifi ba, ba ta kuma ce ya cancanci alherin ba. Abin da ta yi shi ne ta ɗauke idon Abubakar daga kan wanda ya cuce shi ta mayar kan buƙatarsa shi kansa. Nan ne yafiya ke tashi daga kyawun hali kawai ta koma ibada. Kana da zunuban da kai da Mahaliccinka kaɗai kuka sani, kana ɗaga hannu kullum kana roƙon a shafe su, ga kuma wani bawa a gabanka yana buƙatar irin abin da kake roƙo. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani.

Irin wannan jarrabawa ba kullum take zuwa da girma haka ba. Ta yau da kullum ƙarama ce, kuma yawanci a cikin gida take. Na ga 'yan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya da suka saɓa a kan rabon gidan gado. Abin da ya haɗa su bai wuce faɗin hanyar da za a bi a fita da ruwan wanka ba. Aka ja katanga, kowa ya fasa ƙofarsa ta wani titi. Shekaru suka tafi. 'Ya'yansu suka taso makaranta ɗaya, ba mai gaida wani, kuma in ka tambayi yaran abin da ya faru, ba wanda zai iya gaya maka. Da babban ya rasu, ƙanin ne ya shiga kabari ya karɓi gawar, ya fito yana kuka irin wanda ban taɓa ganin dattijo ya yi ba. Kukan bai amfani mamacin da kome ba, shi ma bai sauke masa abin da ke ransa ba. Gaba kamar gara take a cikin azara, daga waje ɗaki lafiya lau, sai ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a ga rufi a ƙasa.

Don haka, ɗana, ka kula da gabar da ake gada. A gidajenmu na mata biyu ko uku, yaro kan sha ƙiyayyar 'yan ubansa tun yana goye. Ka so mahaifiyarka, ka yi mata biyayya, ka share mata hawaye. Amma saɓanin da ya shiga tsakaninta da abokiyar zamanta shekara talatin da suka wuce ba ka nan aka yi, ba ka ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba, kuma yaron ɗakin can bai zaɓi cikin da zai fito ba, kamar yadda kai ma ba ka zaɓa ba. Annabi Yusuf 'yan ubansa ne suka jefa shi rijiya. Da suka zo gabansa a Masar suna neman abinci, yana da ikon yi musu duk abin da ya ga dama, sai ya ɗauke musu zargi, ya roƙa musu gafara, ya ce su kwaso iyalansu su zo. Sau da yawa na ga yadda ɗa ɗaya mai hankali, da gaisuwar safe da ɗan abin cefane da yake kai wa kowane ɗaki, ya kashe wutar da iyaye suka kasa kashewa.

Ke kuma 'yata da kika shiga ɗakin miji, ki sani zo mu zauna zo mu saɓa ne. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Abin da na ga yana kashe auren yaran yanzu ba manyan laifuffuka ba ne, ajiya ce. An yi faɗa an shirya, amma an adana maganar, har da hoton saƙon da aka turo cikin fushi, ana jiran ranar da za a fito da shi. In kin ce kin yafe, ki goge. Kai ma ɗana, matarka ba mala'ika ba ce, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Kada gishiri ya yi yawa a miya ka tuno mata abin da ta faɗa wa ƙanwarka bara. Kuma ka riƙe harshenka daga kalmar saki lokacin da ranka ke tafasa. Malamai sun gaji da ganin samari suna zuwa da safe suna neman fatawar yadda za a warware abin da suka furta da dare.

A kasuwa ma akwai wannan ƙofa, kuma mutane kaɗan ne ke shiga ta cikinta. Buhari da Muslim sun kawo labarin wani mutum cikin al'ummomin da suka gabata, mai ba mutane bashi, wanda ya kan umarci yaransa su sassauta wa wanda ke cikin ƙunci, da fatan Allah ya sassauta masa. Da ya mutu, Allah ya yafe masa. Ba a ambace shi da yawan nafila ba, littafin bashinsa ne ya cece shi. In kana da shago, ko kina sayar da kaya daga gida, akwai sunaye a littafinku da kun san masu su ba ƙin biya suka yi ba, babu ce ta kama su. Matar da mijinta ya rasu, maƙwabcin da aka sallama daga aiki. Alƙur'ani a ƙarshen Suratul Baƙara ya yi umarni a jinkirta wa irin waɗannan har su samu, ya kuma nuna barin bashin sadaka ya fi. Ba na ce ka karya jarinka ba. Ka zaɓi suna ɗaya da za ka iya, ka ja masa layi, ka gaya wa mai shi a keɓe don ya daina sauya hanya in ya hango ka.

Yanzu bari in taɓo inda na san zuciyarku ke turjewa, don kuna da gaskiya a wani wurin. Za ku ce, to, sai mu zama bola, kowa ya zo ya zubar? Wasu ma kan kawo maganar nan ta cewa rama cuta ga macuci ibada ne. Wannan zancen mutane ne, ba aya ba ce, ba hadisi ba. Abin da Shari'a ta ba ka shi ne haƙƙinka daidai gwargwado, ta hanyar da ta dace, ba tare da ƙari ba, sannan ta nuna maka cewa in ka yafe ka gyara, ladanka na wurin Allah. Ko a kisan kai, magada na da zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa. Zaɓi ne, ba tilas ba, kuma darajar yafiya daga nan take, cewa kana iya karɓa ka bari.

Saboda haka yafewa ba ta hana ka neman kuɗinka a gaban mai unguwa ko alƙali. Ba ta nufin ka sake damƙa wa wanda ya cinye amanarka makullin shago. Manzon Allah (SAW) da kansa ya nuna cewa bai kamata a sari mumini sau biyu a rami ɗaya ba. 'Yata, in miji na dukanki, ko yana barinki da yunwa da gangan, kai ƙara wurin waliyyanki ko Hisba ko kotu ba rashin haƙuri ba ne. Kina iya wanke zuciyarki daga ƙiyayyarsa ki kuma tsare jikinki da 'ya'yanki daga cutarsa. A nan dole in faɗa wa tsararrakina dattawa gaskiya: mun cika lallashin wanda aka zalunta mu bar azzalumi, saboda mai rauni ya fi sauƙin tanƙwarawa. Sulhun da aka gina a kan "ke dai ki yi haƙuri" ba tare da an ce wa mai laifi ya yi laifi ba, ba ya daɗewa, kuma shi ne ya sa yara da yawa suka tsani jin kalmar haƙuri.

Haka nan yafiya ba ta nufin ciwon ya warke nan take. Wahshi shi ne ya kashe Sayyidina Hamza, baffan Manzon Allah (SAW), a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. Bayan an buɗe Makka a shekara ta 8, daga baya ya zo ya musulunta. Annabi ya karɓi Musuluncinsa, bai taɓa shi ba, amma ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi. Wannan labari na sanyaya mini rai ƙwarai. Mafificin halitta ya yafe, ya bar mutumin da ransa da haƙƙinsa na Musulmi, amma ganinsa na tayar masa da mikin baffansa. To, in ka yafe wa wani sannan ka ji gabanka na faɗuwa in an ambaci sunansa, kada Shaiɗan ya raya maka cewa yafiyarka ƙarya ce. Ka daina yi masa mugun fata, ka amsa sallamarsa, ka bar bin hanyar ramuwa. Sauran, lokaci da addu'a za su yi aikinsu.

Kada kuma ka ce ai waɗannan Annabawa ne da Sahabbai. A Kaduna akwai Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. A rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf ya bazu zuwa Kaduna, kowannensu jagoran matasa ne a ɓangarensa. Wuye ya rasa hannunsa na dama. Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 wani abokinsu ya haɗa su, kowa na kallon ɗan'uwansa da abin da ke ransa. Ashafa ya sha bayyana cewa huɗubar Juma'a ce ta karya masa zuciya, inda liman ya kawo yadda mutanen Ɗa'ifa suka jefi Annabi har ya zubar da jini, ya kuma ƙi a halaka su. Wuye kuwa bai ɓoye ba cewa ya yi shekaru suna aiki tare zuciyarsa ba ta gama sakin ƙiyayyar ba, kuma ziyarar da Ashafa ya kai wa mahaifiyarsa a asibiti na cikin abubuwan da suka fara sassauta shi. Cibiyar sulhun da suka kafa ta shiga tsakani a Yelwan Shendam ta Jihar Filato bayan kashe-kashen 2004, har Kenya aka gayyace su bayan rikicin zaɓen 2007. Ba wanda ya bar addininsa a cikinsu. Abin da nake so ka gani shi ne, waɗannan mutane biyu sun samu aikin rayuwarsu ne a daidai wurin da aka yi musu rauni. Da sun zaɓi ramuwa, da yau ba wanda ya san su sai masu kai ziyara maƙabarta.

Kai ba a kashe maka kowa ba, wataƙila magana ce aka faɗa a bayanka. Amma ribar iri ɗaya ce. Mai riƙo ba ya samun natsuwa a salla. Ya kabbarta, sai ga fuskar abokin gabarsa, ya yi raka'a huɗu yana shirya amsar da zai ba shi. Imam Ahmad ya ruwaito labarin wani mutumin Madina da Annabi ya yi wa shaidar Aljanna. Abdullahi ɗan Amru ya je ya kwana uku a gidansa don ya ga irin ibadarsa, bai ga wani abu na musamman ba. Da ya tambaye shi, sai ya gano sirrin mutumin shi ne ba ya riƙe wani Musulmi da mugun nufi a zuciya, ba ya kuma hassadar kowa a kan abin da Allah ya ba shi. Wannan ibada ba ta buƙatar kuɗin jirgi. Ɗalibi na iya yin ta, mai tallan kunu na iya yin ta, a kan katifa kafin barci ya ɗauke su.

Saura ɗaya ɓangaren, wanda ya fi ɗaci, wato ranar da kai ne mai laifin. Duk shekara in azumi ya gabato, wayoyinmu kan cika da saƙo iri ɗaya: na yafe wa kowa, duk wanda na ɓata wa ya yafe mini. Ba na raina niyyar, amma wanda ya tura wa mutum ɗari biyu wannan saƙo, yawanci ya tsallake mutum ɗayan da ya san ya cuta. Haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da saƙon gayya. Annabi ya kira wani mutum matsiyacin gaske: wanda zai zo ranar Alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya doki wani, a yi ta ɗibar ladansa ana biya, in ya ƙare a kwaso zunubansu a ɗora masa. Shi ya sa a wurin jana'iza ake tashi a tambaya ko akwai mai bin mamaci bashi. Kada ka bari sai an yi wannan tambaya a kanka.

In kuɗi ne, ka mayar, ko da kaɗan-kaɗan. In ƙazafi ka yi, ka koma wurin mutanen da ka faɗa wa ka ƙaryata kanka. In magana ce mai zafi, ka je ka ambaci abin da ka yi da sunansa, ban da "in na ɓata maka", don kai ma ka san ka ɓata. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. In ya ƙi karɓa, kada ka yi fushi ka ce ai ka yi naka. Wanda aka yi wa rauni shi ya san zafinsa, ka ba shi lokaci ka sake komawa. In kana jin nauyi, ka nemi wani babba da ku duka kuke ganin girmansa ya raka ka.

Ɗana, 'yata, na san tun da kuka fara karanta wannan akwai sunan da ke yawo a ranku. Kada ku jira azumi, kada ku jira rashin lafiya ko ranar tafiya Hajji. Zumunta a ƙafa take. Ku tashi ku je kafin Alhamis mai zuwa, ku yi sallama a ƙofar gidan, in an amsa ku shiga ku zauna. Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya yi muku albarka.